Don idon wa ake ɗinka kayan gwarazan mata a komik da fim?

Wata baiwar Allah da ke zaune a Makka ta aiko da tambaya. 'Yarta mai shekara tara ta ƙallafa rai a kan Wonder Woman, gwarzuwar komik da fim, ta matsa sai an ɗinka mata irin kayanta don bikin ƙarshen shekara a makaranta. Da uwar ta buɗe hoton a waya ta duba da kyau, sai kunya ta kama ta. Maigidan ya ce a hana kallon baki ɗaya. Babban ɗanta, mai shekara goma sha shida, ya ce ba wani abu ba ne, ai su ma mazan a matse ake zana su. Shi ne take tambaya: me ya sa ake rufe mazan tun daga wuya har tafin ƙafa, matan kuma a bar su kamar masu shirin shiga wanka? Yaya kuma za ta yi da yarinyar?

Hajiya, Allah ya raya miki su, ya shirya mana zuri'a. Ni tela ce a nan Jidda, na haura shekara ashirin a kan keke, kuma zane na fara koya kafin ɗinki. Har yanzu ina koya wa 'yan mata zanen tufafi a shagona. Da idon tela zan amsa miki, don idon tela yana ganin abin da mai kallo kan wuce. Abin da ya ba ki kunya gaskiya ne, ba tsegumi ba ne. Amma ina so ki gane cewa matsalar ta wuce ƙarancin yadi. Duk rigar da za a yanka, akwai wanda ake yanka ta dominsa. Kayan gwarzo namiji ana yanka su ne don aikin da zai yi. Kayan gwarzuwa, a mafi yawan tarihin waɗannan littattafai, an yanka su ne don wanda zai kalle ta.

Mu fara da matsewar, tunda nan ɗanki ya kafa hujja. A 1938 da Superman ya fara fitowa, matasa biyun da suka ƙirƙire shi, Jerry Siegel da Joe Shuster, sun ɗauko suturarsa daga masu wasan nuna ƙarfi da ke yawo gari-gari a Amurka: matsattsen dogon wando, da ɗan gajere a bisansa. Mutanen lokacin da sun gani sun san ƙaƙƙarfa ne, kamar yadda mu da mun ga warki da naɗaɗɗen hannu mun san ɗan dambe ne. Sai kuma dalili na biyu, na sana'a. Mai zane ɗaya yakan fitar da shafi ashirin ko ashirin da biyu duk wata, kowane shafi da hotuna biyar ko shida. Duk wanda ya taɓa zana babbar riga ya san ninkin yadi da tattararsa su ne masu cin lokaci. Hanya mafi sauri ita ce ka zana jikin mutum ba riga, ka ja layi a wuya, ka ja a wuyan hannu, ka ja a ƙugu, ka miƙa wa mai sa launi. Saboda haka yawancin abin da kike gani a komik ba tufafi ba ne, jiki ne aka shafa wa launi. A wannan gaɓar ɗanki bai yi ƙarya ba, maza da mata duk haka ake musu.

Amma ki ce masa ya ƙara dubawa. Me aka kambama a jikin namijin? Kafaɗa, damtse, wuya, dunƙulallen hannu, wato duk gaɓoɓin da ake duka da su ko ake ɗaukar nauyi. Me aka kambama a jikin macen? Ƙirji, ƙugu, mazaunai, leɓe. Babu ɗaya a cikinsu da ake yaƙi da shi. Wannan ba kuskuren hannu ba ne, haka ake koyar da shi. Akwai sanannen littafin koyon zane da Stan Lee da John Buscema suka fitar a 1978, wanda masu zane da yawa suka tashi a kansa. Ya ce a yi wa gwarzo tsawon kai takwas da kashi uku cikin huɗu, alhali mutum na gaske bai cika wuce kai bakwai da rabi ba. Da ya zo kan mace sai ya ce ba a fito da ƙwanjinta. Macen da za ta ɗaga mota, amma an hana a zana mata damtsen da za ta ɗaga ta da shi.

Sai tsayuwa. Namiji yana tsayawa ƙafa a ware, nauyinsa a ƙasa, fuska ga abokin gaba. Ita kuwa akwai wata tsayuwa da masu sukar abin suka laƙaba wa suna karyayyen baya: a murɗa ta yadda ƙirjinta da mazaunanta za su fuskanci mai karatu a lokaci guda. Na taɓa ɗora farar takarda mai shara-shara a kan irin wannan bango a gaban ɗalibaina, na ce ɗaya ta bi ƙashin bayan da fensir daga wuya zuwa ƙasa. Ta kai tsakiya ta tsaya, ta ce, "Anti, layin ya karye." Muka auna ƙugun da tef a kan takardar, bai kai faɗin cinya ɗaya ba. Babu wurin hanta, babu wurin hanji. A ƙarshen 2012 wasu masu karatu suka fara wani abu a intanet: su ɗauki irin wannan hoto, su cire macen, su zana Hawkeye, maharbin nan namiji, da kaya iri ɗaya da tsayuwa iri ɗaya. Duk wanda ya gani sai ya ga abin ba fasali. To dama ba shi da fasali tun farko, ido ne ya saba da ganinsa a jikin mace. Ki ba ɗanki takarda ya gwada da kansa, ko ya tsaya gaban madubi ya yi tsayuwar. Zai gane abin da baki ba zai gamsar da shi ba.

Ga abin da ya fi ci mini rai a matsayin tela. Yadi yana da ɗabi'a. Idan ya bi jiki, daga tudu yake tsallakawa zuwa tudu, ba ya shiga kwari. Ko mai roba ne, miƙewa yake a tsakani kamar fatar ganga. Rigar da za ta zagaye kowane sashe na ƙirji daban-daban ta manne, babu ita a kasuwa, ba a kasuwar Balad ta Jidda ba, ba a ko'ina ba. Idan kin gan ta a fim, to ba ɗinki ba ne kawai, roba ce aka zuba a ma'auni, ga matsin ciki a ƙasa, ga gam. Ita kanta rigar Wonder Woman marar hannu marar kafaɗa, na san irinta sarai, don amare kan kawo mini ita su sa a ƙarƙashin leshi. Sai an dasa mata ƙarafa a ciki, an ɗame ta har numfashi ya ragu, duk da haka da amarya ta ɗaga hannu za ki ga tana lallaɓa ta. Wannan ke nan mai zama a kujera ana mata hoto. Ina ga mai tsalle da takobi?

Haka sulken ƙarfen da ake ƙera musu mai kwano biyu. Wanda ya taɓa kallon hawan sallah a Kano ko Katsina ya ga 'yan lifida da 'yan sulke, ya ga yadda jarumi ke komawa kamar tulu saboda audugar da aka cusa. Kayan yaƙi na gaske ba sa bin surar jiki, tudu ake musu a gaba don sara ya zame gefe. Sulke mai kwari a tsakiyar ƙirji kuwa jan bakin mashi yake ya kai shi daidai kan zuciya. Akwai ma wata mayaƙiya, Red Sonja, da tun shekarun 1970 ake zana ta da 'yan ƙyallayen sulke guda biyu a kan fata, ciki da cinya a waje. Sai Power Girl, da ta fito a 1976. Ita 'yar'uwar Superman ce daga wata duniyar, ƙarfinsu iri ɗaya. A ƙirjinsa akwai tambarin da ke gaya miki ko shi wane ne. A daidai wurin nan a rigarta, taga aka huda.

Masu kare abin sukan ce ai don ta samu sakewar motsi ne. 'Yan wasa na gaske sun riga sun amsa wannan. A 2021 an ci tarar 'yan matan Norway masu ƙwallon hannu ta bakin teku Yuro 1,500 don sun sa gajeren wando maimakon ɗan kamfen da doka ta tilasta musu, alhali mazan da gajeren wando suke wasan. Surutu ya yi yawa har aka sauya dokar a shekarar. A gasar Olamfik ta Tokyo kuma 'yan alkafura mata na Jamus suka fito da kaya masu rufewa har idon sawu, suka yi duk juyin da ake yi. Spider-Man ma ya fi kowa alkafura a komik, ko ɗan yatsansa ba a gani.

Ita Wonder Woman ɗin da 'yarki ke so, tarihinta ya ɗan fi haka sarƙaƙiya, kuma ya kamata a yi mata adalci. William Moulton Marston, masanin halayyar ɗan Adam, shi ya ƙirƙire ta a 1941, Harry Peter ya zana ta. Marston ya yi niyyar bai wa 'yan mata gwarzuwar da ba ta jiran namiji ya cece ta, kuma ya yi nasara, shaida ga 'yarki bayan shekara tamanin da ɗoriya. Amma shi ɗin dai ya yi imani cewa jan hankalin namiji wani ɓangare ne na ƙarfin mace, kuma labaransa na farko cike suke da hotunanta a ɗaure da sarƙa ko igiya. Niyya biyu ke nan a jiki ɗaya tun ranar haihuwa. Ƙorafin ma ba yau ya fara ba. A 1942 wata ƙungiya ta limaman Katolika a Amurka ta sa mujallarta cikin jerin waɗanda ba su dace ba, dalilinsu shi ne ba ta da isassun tufafi. A watan Oktoba na 2016 Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa ta jakadiyar girmamawa kan ci gaban mata, sai ma'aikatan majalisar da wasu suka tara sa hannu sama da 40,000 suna cewa wannan siffar ba ta dace da wannan matsayi ba. Kafin shekara ta ƙare aka sauke ta. Kin ga ba ke kaɗai ba ce, kuma ba Musulmi kaɗai ba ne.

A 1954, bayan hayaniyar da littafin wani likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham ya tayar, kamfanonin komik suka kafa wa kansu dokar tacewa, har da sharaɗin cewa a zana mata yadda suke, ba tare da kambama wani sashe na jiki ba. Dokar ta yi aiki muddin ana sayar da komik a teburin mai jarida, inda uwa za ta iya gani. Daga shekarun 1970 sai kasuwar ta koma shaguna na musamman, waɗanda yawancin masu shigarsu samari ne da magidanta. Nan ne gizo ke saƙar. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, masu zane suka koma zana abin da mai shiga shagon zai ɗaga daga kanta. Shekarun 1990 su ne ƙololuwa, lokacin su Lady Death da Witchblade, inda bangon littafi ya zama tallan jiki zalla. Kamfanin Marvel ya fita daga dokar a 2001, kamfanin DC ya bi a 2011.

Wanda ya fi taɓa ni ya faru a 2016. Marvel ta fito da Riri Williams, yarinya baƙar fata mai shekara goma sha biyar, mai basirar da ta ƙera wa kanta rigar ƙarfe irin ta Iron Man. Wani sanannen mai zane ya yi mata bango na musamman, ya zana ta da wando a zame ƙasa da ƙugu, ciki a buɗe, da jikin babbar mace. Mutane suka yi caa, aka janye bangon. Shekara sha biyar, Hajiya. Tsakaninta da 'yarki shekara shida ne. Kuma mu da muke renon 'yan mata baƙaƙe a ƙasar da ba mu ne mafi yawa ba, mun san yadda ake saurin yi wa yarinyarmu kallon babba tun ba ta kai ba.

A fim abin ya ƙara nauyi, domin yanzu mutum ce mai rai a cikin kayan. Michelle Pfeiffer, wadda ta fito a matsayin Catwoman a 1992, ta ba da labarin yadda sai an barbaɗa mata hoda an taimaka mata ta shiga rigar, sannan a zuƙe iskar ciki, kuma ba ta iya daɗewa a cikinta. Rebecca Romijn, a fim ɗin X-Men na 2000, takan shafe wajen awa takwas ana shafa mata shuɗin fenti ana manna mata ɓawo, don a komik an ba Mystique, wadda ta fito a matsayinta, farar riga amma a fim aka cire. Elizabeth Olsen ta faɗa a 2018 cewa da za a ɗaga wuyan rigarta da ta fi so, don ta duba ta ga kusan ita kaɗai ce ƙirjinta ke buɗe a cikin taron gwarazan fim ɗin Avengers. Scarlett Johansson ma a 2021 ta waiwayi fitowarta ta farko a matsayin Black Widow a 2010, ta ce an yi maganar matar kamar wani kaya ne da za a mallaka. Lura da cewa Catwoman da Black Widow duk a rufe suke daga wuya zuwa ƙafa. Zif ne aka sauke, kyamara kuma ta san inda take tsayawa.

Shekarar 2017 ta ba mu gwaji mai kyau. A watan Yuni aka saki fim ɗin Wonder Woman, Patty Jenkins ta ba da umarni, Lindy Hemming ta tsara kaya. Mayaƙan Amazon, matan ƙabilar Wonder Woman, suka fito da sulke mai rufe ƙirji da ciki. A watan Nuwamba aka saki Justice League, maza ne suka ba da umarni, namiji ya tsara kaya, sai ga da yawa daga cikin mayaƙan nan da 'yan guntayen fata, ciki a waje. Wata biyar tsakani. Ba na cewa da mace ta karɓi aiki shi ke nan an gyara. A fim ɗin Jenkins ɗin ma gwarzuwar ta ratsa filin yaƙin duniya na farko da cinya da kafaɗa a buɗe, takalminta kuma mai tudun dunduniya ne. Amma ki kalli wurin da ta fito daga rami ta tunkari harsasai: kyamara na kan fuskarta, da garkuwarta, da ƙafarta da ke dafe ƙasa. A ɗaya fim ɗin kuwa sau nawa aka ajiye kyamara ƙasa a bayanta, ana hango maza suna magana ta gefen jikinta. 'Yar wasa ɗaya, kaya kusan iri ɗaya, ido ne ya bambanta.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake so mu da kanmu mu yi hattara da shi. Da sauƙi mu ce maganin shi ne a rufe su, shi ke nan. A 2002 Marvel ta fito da wata Musulma a cikin X-Men, Sooraya Qadir, wadda ake kira Dust, 'yar Afganistan mai rikiɗa ta zama yashi. Abaya take sawa da niƙabi. Mu da ke zaune a nan da gani mun san wannan shigar tamu ce ta yankin Larabawa, ba irin lulluɓin da aka fi sanin matan Afganistan da shi ba, alamar ba a yi dogon bincike ba. Amma ba wannan ne babban abin ba. Masu zane da yawa sun zana abayar ta manne mata kamar an jiƙa ta da ruwa, kowane lungu na jiki a fili. Ido kaɗai ake gani a fatarta, amma kallon da ake mata bai sauya ba. Kuma kada mu yi nisa. A shagona ana kawo mini doguwar riga har ƙasa, hannu har wuyan hannu, sannan a ce, "Hajiya, a ɗame nan, a fito da nan." Hadisin da Muslim ya ruwaito a kan mata masu tufafi amma tsirara, kullum yana faɗo mini idan ina riƙe da tef. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Yawan mita ba shi ne sutura ba.

Akwai waɗanda suka yi abin yadda ya kamata, kuma ya kyautu 'yarki ta san su. Carol Danvers ta shafe shekaru da baƙar rigar ninƙaya da dogon takalmi har cinya. A 2012 marubuciya Kelly Sue DeConnick da mai zane Jamie McKelvie suka ce ai matar nan matuƙiyar jirgin saman yaƙi ce, a ba ta kayan da suka yi kama da aikinta. Ta zama Captain Marvel, a rufe, da tauraro a ƙirji. Fim ɗinta na 2019 ya tara sama da dala biliyan ɗaya. Sai Kamala Khan, wadda littafinta ya fara a 2014, Sana Amanat da G. Willow Wilson, dukansu Musulmi, suna cikin waɗanda suka ƙirƙire ta. Yarinya ce 'yar asalin Pakistan, mai shekara sha shida, a Jersey City. Daren da ta samu ƙarfinta ta rikiɗa ta zama Carol da tsofaffin kayan nan, don a tunaninta haka gwarzuwa take. Ba ta jima ba ta ji takalmin na cizonta, rigar na damunta, ta ji ba ita ba ce. Daga baya ta gyara rigar ninƙayarta ta Musulmi ta mayar da ita kayan aiki: riga mai saukowa kan wando, da jan gyale a wuya. Ba ta sa hijabi, ƙawarta Nakia ce ke sawa. A shirin talabijin na 2022, mahaifiyarta ce ta miƙa mata kayan da hannunta.

Waɗanda na fi so dai su ne Dora Milaje, dogarai mata na Wakanda, ƙirƙirarriyar masarautar Afirka ta labarin Black Panther. Da suka fara fitowa a komik a 1998, 'yan mata ne da ake tarbiyyarsu a matsayin matan da sarki zai iya aura, ana zana su da gajerun riguna. Da Ruth Carter ta karɓi aikin kayan fim ɗin Black Panther, sai ta koma Afirka da bincikenta: jan launi da duwatsun ado na Masai, zoben wuya na Ndebele, aikin fata na Himba. Ta rufe su ruf, ta ba su takalmi shimfiɗaɗɗe. Na kalli fim ɗin a gida ina tsayar da shi ina duba aikin da ke gaban rigar Okoye, shugabarsu, don ya tuna mini da yadda namu dogarai ke fitowa da ja da kore, kowa ya gan su ya san na sarki ne. Babu mai cewa matan nan ba su yi kyau ba. Carter ta ci kyautar fina-finai ta Oscar a 2019 da wannan aiki, baƙar fata ta farko da ta ci a fannin tufafi, ta sake ci a 2023. Kuma Black Panther shi ne fim ɗin da aka buɗe sinima da shi a Riyad ranar 18 ga Afrilu 2018, bayan kusan shekara talatin da biyar babu gidajen kallo a ƙasar nan. Can gida ma Roye Okupe ya yi Malika, sarauniya mayaƙiya da ya gina a kan tarihin Amina ta Zazzau, a Masar kuma Deena Mohamed ta yi Qahera mai hijabi tun 2013.

Maigida yana da hujjarsa, kada ki raina ta. Akwai finafinan da ba na 'yar shekara tara ba ne, kuma alamar shekarun da ake sawa a tikiti ta fi kula da jini da zagi, ba ta auna inda kyamara ke kallo. Ku riƙa kallo kafin ta kalla. Amma hani kaɗai ba zai wadatar ba, don hoton yana kan jakar makarantar ƙawarta da gorar ruwanta. Ni da za ku ji tawa, hirar da ta fi gaggawa ita ce ta yayanta, domin shi ne ake wa wannan zanen, kuma idon da ya koya a takarda da shi zai kalli mata a titi. Mahaifinsa ne ya fi dacewa ya zauna da shi.

Ita kuwa yarinyar, ki tambaye ta me take so a jikin Wonder Woman. An kawo mini irin wannan ɗinki ba sau ɗaya ba tun bayan taron masoya komik na farko da aka yi a Jidda a watan Fabrairu 2017, kuma kullum nakan tambayi yaran. Amsar ba ta wuce kambun goshi mai tauraro, da warwaron da ke tare harsashi, da igiyar zinare, da cewa ba ta jin tsoro. Ban taɓa jin wadda ta ce cinya ba. Wata 'yar shekara bakwai da na ɗaura wa warwaron gwaji, ko madubi ba ta duba ba, sai ta gicciye hannu a gaban fuska ta ce wa ƙaninta ya jefo mata ƙwallo. To ki ba ta waɗannan. Idan wani ya ce ba haka kayan suke ba, kamfanin DC da kansa ya sa mata dogon wando da jaket a 2010, kuma daga 1968 zuwa 1973 kayan gida take sawa.

Ki samu jan yadin auduga mita ɗaya da rabi, saboda zafin Makka, a yi riga mai dogon hannu, a bar mata sarari kamar yatsu huɗu a ƙirji da ƙugu. A ɗora tambarin gaggafa ko harafin W guda biyu da yadi ruwan zinare a gaba. Shuɗi mita biyu ya isa siket mai tattara har ƙasan gwiwa da wando a ciki, a manna fararen taurari. Kambu da warwaro, takardar soso mai ƙyalli da ake sayarwa a shagon kayan makaranta ta wadatar, kuma kambun yana zama daram a kan hijabi idan an sa masa roba ta baya. Igiya kuwa, ta labule ruwan zinare. Kada tela ya yi ɗinkin ƙarshe sai an yi ɗaurin gwaji ta saka. Ki ce ta ɗaga hannu biyu sama, ta tsuguna, ta ruga daga ɗaki zuwa falo ta dawo. Idan ta yi duk wannan ba ta kai hannu ta ja rigar ko ta gyara siket ɗin ba, awon ya yi, sai a hau keke.